Shigar dogari, barde da mafarauci: yadda za ki haɗa wa yara maza a gida da kuɗi kaɗan

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bauchi, ina da yara maza uku, ɗan shekara 4, ɗan 7 da ɗan 10. Makarantarsu takan ce su zo da shigar gargajiya ranar al'adu, wani lokaci kuma a ce kowa ya yi shigar aikin da yake so idan ya girma, ga tashe idan azumi ya zo. Na kanti sun yi mini tsada, kuma sawa ɗaya suke yagewa. Ina da keken ɗinki amma ban ƙware ba. Yaya zan haɗa musu da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman yara. Abin da zai rage miki kashe kuɗi shi ne ki daina ɗaukar kowace shiga a matsayin sabon ɗinki. Riga ɗaya da wando ɗaya ga kowane yaro sun isa su zama gindin komai. Abin da ke sa mai kallo ya ce wannan dogari ne, wancan mafarauci ne, abu uku ne: launi, abin da ke kan yaron, da abin da ke hannunsa. Saboda haka kuɗinki ya tafi kan yadin rigar, sauran kuwa kwali ne da ƙyallaye da tsofaffin kayan gida.

Ki nemi akoko ko wani farin yadin auduga a Kasuwar Wunti ko Muda Lawal. Auduga nake nufi, domin yadin roba mai sheƙi ya fi araha kuma ya fi ɗaukar ido, amma yaron da ya tsaya a filin makaranta cikin zafin Afrilu, ko ranar yara ta 27 ga Mayu, zai dafu a cikinsa. Kuma idan wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata. Idan kina shakka, zare zare ɗaya daga bakin yadin ki kunna masa ashana: auduga tana zama toka mai laushi da warin ƙonannar takarda, roba kuwa tana dunƙulewa ta zama ɗan ƙulli mai tauri. Rini ma auduga yake kamawa, ba ya zama a jikin roba. Kafin ki sa almakashi ki wanke yadin ki shanya, domin akoko yana tsukewa a wankin farko, kuma rigar da aka yanka daidai kafin wanki takan dawo gajera. Wajen 'yan gwanjo ki duba farin zanen gado da tsohon labule, zanen gado guda yana fitar da rigunan yaran ukun. Telan unguwarku kuma ki roƙe shi ya tara miki ƙyallaye ja da kore da ruwan ƙasa, yawanci zubarwa suke yi.

Rigar da za ki ɗinka 'yar shara ce, ba hannu, ba zif, ba maɓalli. Ki auna yaron daga kafaɗa zuwa gwiwa, ki ninka sau biyu, ki ƙara inci 2 na kalmasa: tsawon yadin ke nan. Sai ki auna kewayen ƙirji, ki raba biyu, ki ƙara inci 6: faɗin ke nan. Ɗan shekara 7 yakan zo wajen inci 27 a tsawo da 26 a ƙirji, wato za ki yanka masa inci 56 a tsaye da 19 a kwance. Idan yadin mai faɗin inci 45 ne, yadi ɗaya da rabi da ɗan ɗori zai ba ki riga biyu gefe da gefe. Amma ki auna naki yaran, kada ki dogara da shekaru. Ki ninka yadin biyu, bakin ninkin shi ne kafaɗa. A tsakiyar ninkin ki yanke da'ira mai faɗin inci 5, sannan ki tsaga gaba inci 4. A nan masu koyo suka fi kuskure: suna auna wuyan yaro su yanka rami daidai wuya, su manta kai ne zai fara wucewa, kuma kan yaro babba ne a kan jikinsa, na ɗan shekara 4 ma yana kai inci 20. In ba tsagar nan, ko dai rigar ta ƙi shiga ko ta yage a sawar farko. Ƙarshen tsagar ki maimaita masa ɗinki sau uku ko huɗu, daga nan yagewa take farawa. Sai ki ɗinke gefe biyu, ki bar inci 7 daga kafaɗa don hannu ya fita, ki bar inci 5 a ƙasa don yaro ya iya gudu. In kin bar rarar yadi fiye da inci 2 ɗin nan, ki yi kalmasa mai faɗi a ƙasa, baɗi sai ki warware ta rigar ta ƙara tsawo.

Wando bai kai wannan wahala ba. Ki ninka wandon da yaron yake sawa yanzu, ki ɗora a kan yadi ninki biyu, ki zana da alli, ki bar inci 1 a kewaye da inci 2 a sama don kubaka. Ki zura roba maimakon zariya, tsawonta ya gaza ƙugun yaron da inci 1, saboda ƙaramin ya iya shiga bayi shi kaɗai a makaranta. In akwai farin wandon Sallar bara, kada ma ki ɗinka.

Shigar dogari ita ce ta fi saurin ganewa ga duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Bauchi: ja da kore, da jan rawani. Wannan shigar za ta buƙaci riga ta daban, amma yankanta ɗaya ne da 'yar shara, faɗi kawai za ki ƙara. Ga ɗan shekara 7, ki yanka ja mai faɗin inci 12 a tsakiya, kore mai inci 8 a kowane gefe, ki haɗa su a tsaye, ki fitar da wuya a jan. Gefen kuwa ƙasa kawai za ki kama da ɗinkin inci 4 ko 5, ki bar sauran a buɗe don a naɗe shi a kafaɗa kamar na babbar riga. Jan yadi mai araha yana zuba. Ki jiƙa shi shi kaɗai ki yi ta ɗauraya har ruwan ya fito fari kafin ki haɗa shi da kore, in ba haka ba gumin yaro ma ya isa ya ɓata farar rigar ciki. Bulala ki kitsa ta da ƙyallaye uku. Kada a ba yaro dorina ta gaske ya shiga da ita cikin 'yan ajinsu.

Rawani shi ne ke ba iyaye kunya a wurin taro, domin wanda aka naɗa a kan yaro da safe kafin a kira ajinsu ya warware. Maganinsa a naɗa shi tun a gida a kan hula, a ɗinke. Ki samo tsohuwar hular da ta zauna a kan yaron daidai, ki kifa kwano mai girman kansa, ki ɗora hular a kai. Ki yanka boyel ko tsohon mayafi mara nauyi, tsawon yadi biyu da rabi, faɗin inci 12. Ki kama bakinsa da allura a bayan hular, ki riƙa ɗan murɗawa kina zagayawa, duk zagaye ɗaya ki soka allura ki kama shi da hular a wuri huɗu: gaba, baya da gefe biyu. Kada ki ja da ƙarfi, hular za ta tsuke ta ƙi shiga. Amawali, wato ɓangaren da ke bi ta ƙarƙashin haɓa, ki yi shi daban: ki ɗinke gefe ɗaya a jikin hular, ɗaya gefen ki sa masa Velcro, maɗaurin nan mai kama kansa irin na takalman yara, yadda idan wani ya fizgi rawanin zai ɓalle maimakon ya shaƙe yaron. Da farin yadi, wannan hanyar za ta ba ki rawanin hakimi ko na malami. Sai dai kada ki fitar masa da kunne biyu a sama. A masarautunmu wannan alama ce ta gidan sarauta, kuma akwai dattawan da ba za su ji daɗin ganinta a matsayin wasa ba.

In kina son alkyabba, tsohon labule mai kauri ya wadatar. Ki shimfiɗa yanki mai inci 60 da 30, ki ɗaura alli a zare mai tsawon inci 30, ki dafe ɗaya bakin zaren a tsakiyar dogon gefen ki zana rabin da'ira, ki yanke ƙaramin rabin da'ira na wuya, ki bi baki da ribon ruwan zinare. Wuyanta ma Velcro za ki sa, ban da igiyar ɗauri.

Shigar barde, irin ta mayaƙan da ke gaban sarki ranar hawa, ita ce yara maza suka fi so, kuma ita ta fi cin lokaci. Kwalkwali da takarda ake yin sa. Ki hura balan-balan har kewayensa ya fi kan yaron da inci 1, ki zaunar da shi a bakin kofi. Ki dama rabin kofin fulawa da rabin kofin ruwan sanyi, ki juye cikin kofi biyu na tafasasshen ruwa kina juyawa minti biyu ko uku, har ya yi kaurin talge, ki zuba cokali ɗaya na gishiri, ki bari ya huce. Ki yayyaga tsohuwar jarida da hannu, faɗin inci 1 tsawon inci 5. Yagaggen baki ya fi kwanciya a kan wanda aka yanka da almakashi. Ki duba jaridar tukuna ki ware duk shafin da ke da aya ko sunan Allah, haka ma tsofaffin littattafan Islamiyya ba sa shiga wannan aiki. Ki tsoma kowane yanki, ki share da yatsu biyu har ya kusa bushewa, ki liƙa a rabin balan-balan na sama. Shafi biyu, ki bari ya bushe ƙarau, sannan ki ƙara biyu. Da hunturu wuni ɗaya ya isa kowane zagaye. A watan Agusta kuwa zai iya kwana biyu ko uku, kuma idan kika yi gaggawar yin shafi huɗu a zama ɗaya, waje zai bushe ciki ya jiƙe, bayan kwanaki ki ji yana wari ya yi fumfuna. Kada ki ajiye shi a tsakiyar rana mai zafi, iskar ciki tana kumbura ta tsaga takardar, inuwa mai iska ta fi. Idan ya bushe ki fasa balan-balan ɗin, ki daidaita baki da almakashi, ki shafa farin fentin ruwa don ya rufe rubutun jaridar, sannan ki bi da launin toka ko azurfa. Ki liƙa siririn soso a bakin ciki, ki huda sama ki soka gashin zakara uku ko huɗu da aka wanke da sabulu aka shanya.

Sulke kuma soson wanka na raga ne ya fi kama da shi. Ki sayi biyu masu duhun launi, ki buɗe su, ki haɗa a kafaɗa da gefe, ya ɗora a kan 'yar shararsa. Kada ki yanka gidan sauro don wannan, mafi yawansu da maganin ƙwari a jikinsu, kuma yaro mai gumi zai wuni da shi a fata.

Takobi kwali ne ninki uku. Idan kin duba bakin kwali za ki ga ramuka a jere. Ninki biyu na waje ki yanka yadda ramukan za su bi tsawon takobin, na tsakiya kuma ya gitta su. In duka ukun suka kwanta a gicciye, sara ɗaya zai lanƙwashe. Tsawo inci 18, faɗi inci 2, tsinin a zagaye shi. Ruwan takobin da mariƙinsa ki yanka su a haɗe daga kwali guda, sannan ki tsaga wani ɗan kwali ki zura shi ya zama abin tare hannu, domin wanda aka liƙa mariƙinsa daban a nan yake karyewa. Ki haɗa da farin gam irin na kafintoci, Top Bond ko makamancinsa, ki danne da buhun shinkafa ya kwana. Ki naɗe ruwan da takardar azurfa da ake gasa kifi a ciki, mariƙin kuma da baƙin ƙyalle. Kada ki sa waya ko sanda a ciki don ya yi ƙarfi, gara takobin ya karye da ya shiga idon wani. Garkuwa ki zana ta da murfin tukunya mai faɗin inci 14, ninki biyu a gicciye. Kafin ki liƙa su, ki tsaga na baya wuri biyu ki zura guntun tsohon bel ya zama mariƙi, sannan ki rufe da na gaba. Mariƙin da aka manna daga waje ba ya kai azahar. Fenti na ruwa za ki yi amfani da shi, ko ragowar na masu fentin gida. Na mai yana daɗewa bai bushe ba kuma warinsa yana sa yara ciwon kai.

Mafarauci rini yake buƙata. Ki tafasa ƙullin ganyen shayi 10 a ruwa lita 2, ki jiƙa rigar da ruwa tukuna don kada ta yi dabbare-dabbare, ki tsoma ta awa ɗaya kina juyawa, ki shanya a inuwa. Za ta fito ruwan ƙasa mai haske. In kina son mai duhu sai galura, da ruwan zafi da gishiri, a tukunyar da ba a girki da ita, hannunki cikin leda. Tunda rinin ba ya fita, ki ware wa wannan shiga rigar da ta fara tsufa. Layu kwalin ashana ne wanda ba komai a ciki, a naɗe shi da guntun ledar kujera daga wurin masu gyaran kushin, a ɗinka shida ko takwas a ƙirji. Kwari robar ruwa ce da aka yanke kanta aka naɗe da ƙyalle, kibau kuma karan dawa ne mara tsini, ki liƙe su a cikin kwarin don kada a zaro. Baka ɗanyen reshen darbejiya ne, igiyarsa a sake yadda ba za ta harba komai ba. Makiyayi kuwa farar 'yar shara ce da malfa da gora da sanda a kafaɗa. Ranar 1 ga Oktoba, farar babbar riga da hula sun isa babban ya fito a matsayin Abubakar Tafawa Ɓalewa, tunda kabarinsa ma yana nan cikin gari kuna iya kai su su gani kafin ranar.

Ranar shigar aiki ba ta buƙatar ɗinki sosai. Likita tsohuwar farar shat ɗin babansu ce mai dogon hannu, a rage hannun, a bar gaba a buɗe, abin sauraren ƙirji kuma lalataccen abin saurare na waya da murfin kwalba a ƙarshensa. Matuƙin jirgi farar rigar makaranta da baƙin wando, da baƙin ƙyalle a kowace kafaɗa mai layi huɗu na ribon ruwan ɗorawa, alamar kyaftin ke nan. Soja ne nake roƙonki ki bari, ko da yaran sun nace. Sa kakin soja mai dabbare-dabbare haramun ne ga farar hula a Najeriya, kuma a wannan yanki namu jami'an tsaro ba sa ɗaukar lamarin da wasa. Haka bindigar roba mai kama da ta gaske, musamman a hannun ɗan shekara 10 da dare.

Tashe yana farawa ne wajen goma ga watan azumi, da dare ake yi, shi ya sa ya fi sauran haɗari. Gemun tsoho auduga ne, amma kada a manna ta a fata da gam ɗin kafinta, balle sufa gulu. Ki yanka farin ƙyalle daidai haɓar yaron daga kunne zuwa kunne, ki ɗinka audugar a jikinsa layi-layi daga ƙasa zuwa sama, ki sa siririyar roba ta bi ta saman kai. In dole sai an manna gira ko gashin baki, jiƙaƙƙen ƙaro ya fi, ruwan ɗumi yana wanke shi. Auduga tana kama wuta nan take, don haka mai gemu ba ya riƙe fitilar kananzir ko kyandir, ba ya matsawa kusa da murhu ko kaskon mai tuya, tocila za a ba shi. Tumbi ƙaramin matashi ne a ɗaure a ciki, rigar kakansu a sama, a naɗe ƙasanta da allura da zare don kada ya taka ya faɗi. Ki tabbata akwai fari ko haske a jikin kowannensu saboda masu babur da Keke Napep su hango su.

Abin shafa wa fuska ki haɗa da kanki: cokalin shayi ɗaya na garin sitati, rabin cokali na man shafawarsu na kullum, rabin cokali na ruwa, da ɗigo biyu na kalar girki. Baƙi kuwa dakakken gawayi mai laushi a cikin man. Ki gwada a cikin damtsen yaron kwana ɗaya kafin ranar. Yara sukan fasa tsohon batir su shafa baƙin cikinsa, ki hana su, guba ne. Kwalli ma kada a zana wa yaro fuska da shi, domin an sha samun dalma a cikin na gargajiya, kuma dalma tana cutar da ƙwaƙwalwar yara.

Ɗan shekara 4 ki sauƙaƙa masa: riga, hula mara nauyi, abu ɗaya a hannu. Ban da duwatsun ado da ƙananan maɓallai da zai iya cirewa ya sa a baki, ban da abin rufe fuska, guntun fasasshen balan-balan ma ki kwashe shi nan da nan.

Ki fara da abin da ke buƙatar bushewa, kwalkwali da takobi da garkuwa, kwana goma kafin ranar, ɗinki ya biyo baya. Saura kwana biyu ki sa musu komai su yi gudu su zauna su durƙusa a tsakar gida, duk abin da zai ɓalle ya ɓalle a gabanki. Bayan taro ki wanke rigunan ja daban, fari daban. Kayan kwali da na fulawa ɓera da kyankyaso suna cin su, gara ma tana bin kwalin da ya taɓa ƙasa, don haka ki tabbata sun bushe, ki cusa takarda a cikin kwalkwalin don kada ya lotsa, ki sa su a bokitin roba mai murfi ki ɗora a saman kabad.